Batman da Robin ko Superman da Ɗansa: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani zai gane labarin Robin ba tare da an yi masa dogon bayani ba. A shekarar 1940, a mujallar Detective Comics ta 38, aka fara kawo Dick Grayson, wato Robin na farko, mataimakin Batman, yaron da aka kashe iyayensa masu wasan lilo a sama, shi kuma Bruce Wayne, wato Batman, wanda shi ma maraya ne, ya ɗauke shi riƙo. Tun daga nan kamfanin DC, mai buga waɗannan mujallu, bai daina juya wannan labari ba: ubangida da yaronsa, uban riƙo da ɗan riƙo, daga baya uba da ɗan cikinsa. Littattafan zanen sun yi yawa, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, dukkansu kuma da Turanci suke. Saboda haka kafin ka cire kuɗi, fara yanke shawarar wa zai karanta, kai ko yaron.

Idan yaro ne ɗan shekara goma zuwa sha uku, kada ka fara da gidan Batman. Nemi Son of Superman, kundin farko na jerin Superman da Peter Tomasi da Patrick Gleason suka fara a 2016. A nan Clark Kent, wato Superman, da matarsa Lois Lane suna zaune a gona da ɗansu Jon, wanda ƙarfinsa ya fara tsirowa bai san yadda zai riƙe shi ba. Tun a farko Jon ya yi ƙoƙarin ceton kyanwar gidansu daga tsuntsun da ya sure ta, wutar idonsa ta ƙone su duka biyun, ya ɓoye maganar don kunya da tsoro. Abin da ya sa nake son littafin shi ne yadda iyayen suke bi da shi a hankali, kuma uwa tana nan tsaye a cikin tarbiyyar, abin da ba a cika samu a irin waɗannan labarai ba. Idan ya gama ya nemi ƙari, Super Sons na 2017 ya haɗa Jon da Damian, ɗan Batman, suna faɗa suna shiryawa kamar 'yan gida ɗaya. Ya fi sauƙin Turanci, ya fi ban dariya.

Idan kuwa kai uban ne za ka karanta, zaɓina Born to Kill, kundin farko na Batman and Robin na 2011, shi ma aikin Tomasi da Gleason. Damian ɗan cikin Bruce ne, amma a hannun mahaifiyarsa Talia ya tashi, cikin ƙungiyar masu kisa, bai ga ubansa ba sai yana da shekara goma. Wato an kawo wa mutum ɗansa bayan wasu sun riga sun tanƙwara shi. Bruce ya iya horo, ya iya kafa doka, amma bakinsa ya yi nauyi wajen yabo. Yaron yana jiran a ce masa an yi alfahari da shi, uban yana ba shi umarni. Har kare ya sayo masa, Titus, don ya rasa ta inda zai shiga zuciyarsa. Alfred, tsohon hadimin gidan da ya reni Bruce, shi ne ke jan kunnen uban a gefe, kamar yadda kaka ke yi. Sai ga wani maƙiyi mai suna NoBody ya zo yana ba yaron abin da ya rasa a gida, wato sauraro da yabo, don ya janye shi. Na daɗe ban karanta labarin da ya nuna wannan haɗari ƙarara haka ba. Akwai jini da azabtarwa a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne.

A nan a yi hattara da suna. Jerin da ake kira Batman and Robin ya fi ɗaya. Na 2009, wanda Grant Morrison ya rubuta, Dick Grayson ne ya sa kayan Batman yana jan Damian, dangantakar wa da ƙani. Yana da kyau ƙwarai, amma yana son wanda ya san abin da ya gabata. Duba sunan marubuci a bango kafin ka biya.

Mai son labarin riƙo tun daga tushe yana da zaɓi biyu. Robin: Year One na Chuck Dixon da Scott Beatty, wanda ya fara fitowa a 2000, Alfred ne ke ba da labarin, yana tambayar da kowane mai hankali zai yi: da wane dalili za a fita da yaro cikin dare ya tari 'yan ta'adda? Bayan wani mugu mai suna Two-Face ya yi wa Dick dukan kawo wuƙa, Bruce ya dakatar da shi, yaron kuma ya ɗauki hakan a matsayin kora. Robin & Batman na Jeff Lemire da Dustin Nguyen, na 2021, fitowa uku ne kawai, zanensa na fentin ruwa, kuma ta idon yaron ake kallon komai. Ya fi gajarta, na farkon ya fi cika.

A Death in the Family na 1988 shi ne wanda mai sayarwa zai fi tallata maka, don ya yi suna. A cikinsa Joker, babban maƙiyin Batman, ya kashe Robin na biyu, Jason Todd, bayan masu karatu sun kaɗa ƙuri'a ta waya, 5,343 suka zaɓi ya mutu, 5,271 suka zaɓi ya rayu. Tazarar 72 ce ta kashe yaron. Ba zan ba da shawarar a fara da shi ba. Kisan yana da muni, sannan yadda aka zana mutanen Gabas ta Tsakiya, har da naɗa Joker jakadan Iran a Majalisar Ɗinkin Duniya, zai ɓata wa da yawa daga cikinmu rai. Idan ka nace, nemi bugun da ya haɗa da A Lonely Place of Dying, inda Tim Drake, yaron da ya zama Robin na uku, ya shigo ya nuna wa Bruce yadda baƙin ciki ke cin sa.

Akwai kuma wani tsohon labari na 1971, a Green Lantern/Green Arrow ta 85 da 86, na Denny O'Neil da Neal Adams. Jarumi Green Arrow ya gano ɗan riƙonsa Speedy yana shan ƙwaya, ya mare shi ya kore shi, budurwar Green Arrow, Black Canary, ce ta zauna da shi har ya farfaɗo. Gidan da ke da matashi zai amfana da karanta shi tare, ko da salon zanen ya tsufa.

Batun bugu kuma, ɗauki kundi mai bangon takarda wanda ya tara fitowa shida zuwa takwas wuri ɗaya. Sayen mujallar ɗaya-ɗaya ya fi tsada, kuma za ka iya tsayawa a tsakiyar labari. Manyan kundaye masu bango mai tauri suna da nauyi, idan daga waje za a kawo maka kuɗin dako zai ƙaru sosai. Fara da kundi na ɗaya, idan ya karɓu a gidan sai ka nemi na biyu.