Jama'a ku yi hattara da wanga mai "gyaran" na'urar hangen taurari

Salam 'yan uwa. Duk mai na'urar hangen taurari irin mai kwamfuta, wadda kake latsa sunan tauraro ta juya da kanta, don Allah ya karanta wagga.

Tawa na sayo ta hannu ne, don ɗaukar hoton jinjirin wata da su Zara. Kullum in na ce ta je ga wata sai ta tafi can gefe ta tsaya tana kallon banza, ko cikin ƙaramin madubin saiti babu shi. Dare uku muna fita bayan unguwar Arkilla a nan Sakkwato ni da ƙanena, sauro ya cinye mu, hoto ko ɗaya ba mu samu ba. Sai wani a gurup ɗinmu na WhatsApp ya biyo ni ta bayan fage, wai shi injiniya ne, wai na'urar an kulle ta ne a kan sararin Turai, sai an sa mata "fayil na Afirka". Dubu 40. Wallahi yadda ya iya baki sai ka rantse shi ya ƙera ta. Na tura, ya turo man wani fayil da ko buɗuwa bai yi, da na matsa sai ya ce akwai cikon dubu 15 na lasin, da na ce a'a ya yi bulokin ɗina.

To babu wani fayil na Afirka, ƙarya ce. Jerin taurarin kowane ɓangaren sama yana cikin rimot ɗin na'urar tun daga kamfani, abin da take so kawai ka gaya mata inda kake da lokaci daidai. Ɗan yayata da ke karatun fiziks a Jami'ar Danfodiyo shi ya zo ya duba, minti goma bai cika ba ya fara dariya, ya ce kawu ai kai ka ɓatar da ita. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa, 5 gabas, ni kuma na bar saitin na'urar a kan 5 yamma, kuskuren digiri goma kenan. Sannan lokacinmu +1 ne, wato awa ɗaya gaba da GMT, kuma inda take tambayar canjin agogon bazara na Turawa amsa a'a ce, mu ba mu yin shi, ni na sa e, kuskuren awa ɗaya kenan. Awa ɗaya kacal sama na juyawa digiri 15, ku lissafa. Kwanan wata ma irin na Amurka take so, wata kafin rana.

Ya kuma ce in daina amfani da batir mai rauni, yana sa injin da ke juya na'urar ya yi ta ɓata lissafi, sannan a daidaita ƙafafun na'urar su zauna sosai kafin a saita da taurari biyu masu nisa da juna. Tauraron arewa a nan ƙasa-ƙasa yake, lokacin hazo da ƙyar ake ganinsa.

Mutumin har yanzu shina cikin wasu gurup, ya canza lamba ya canza hoto, amma maganar dai ita ce, fayil na Afirka. Na kai wa admin hoton hirarmu da rasit ɗin turawa, wanda duk ya taɓa tura mai kuɗi ya yi man magana mu haɗa mu kai ƙara tare.