Garin kalsiyam na Repti Calcium: yana tsare ƙashi da haƙoran kulɓa?

Repti Calcium na kamfanin Zoo Med farin gari ne mai laushi da ake barbaɗawa a abincin dabbobi irin su ƙadangare, kalsiyam kabonet zalla babu sinadarin fosfaras, kuma iri biyu yake zuwa: mai bitamin D3, wanda ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam daga abinci, da marar shi. Ga mai kiwon kulɓa mai shuɗin harshe, wadda asalinta Ostireliya ne da tsibiran Indonesiya, kaya ne mai kyau matuƙar an san wanda za a ɗauka.

Haƙoran wannan kulɓa ba su da rami a dasashi kamar namu. A jikin muƙamuƙi suke manne ta gefen ciki, sabo yana tsirowa a gindin tsoho yana cinye tushensa har ya faɗi, haka har ƙarshen rayuwarta. Don haka idan aka tsinci haƙori guda a kwanon abinci ba abin tashin hankali ba ne. Na baya dasassu ne masu kauri, da su take farfasa ƙoƙon dodon koɗi. Ƙarƙashin kowane ɓawo na fatarta ma akwai ɗan fallen ƙashi. Duk waɗannan kalsiyam suke buƙata, kuma in ya yi ƙaranci a jini, jiki daga ƙashi yake zara. Muƙamuƙin ƙasa ya yi taushi kamar roba, ƙafafu su riƙa rawa, ƙashin baya ya karkace.

Nan garin ke amfani. Nama da ƙwari fosfaras ya fi yawa a cikinsu, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2. Laushinsa ya sa yana kama jikin gyare da kyankyaso, da kuma kabewa ko ganye mai ɗan lema. A barbaɗa kaɗan, abinci ya yi furfura kawai, ba ya koma fari fat ba, domin wasu kan ƙi ci. A miƙa ƙwarin nan take, don gyare kan goge garin daga jikinsa.

Idan akwai fitilar UVB mai aiki, wato fitilar da ke ba da wani nau'in haske irin na rana, a ɗauki marar D3, tunda da wannan hasken fatar kulɓar ke haɗa nata D3. Idan babu, sai mai D3, amma da lissafi, don D3 taruwa yake yi a jiki kuma yawansa na lalata ƙoda. Hasken UVB ba ya ratsa gilashi, ƙarfinsa kuma yana raguwa tun ƙwan na ci, shi ya sa ake canza shi bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa.

Inda ya gaza: ba shi da bitamin A, sai an haɗa da wani garin daban. Damshi na sa ya dunƙule, a rufe murfin da kyau. Ba kuma magani ba ne. Dasashi ya kumbura, ko aka ga farin ƙulli da yawu mai kauri a baki, ruɓewar baki ce, sai likitan dabbobi.