Garwa ko Faransa: amsa ga mai shirin sayar da shago

Ƙanena, ka ce tunda na je ganin gida na dawo, in gaya maka tsakani da Allah inda zama ya fi daɗi, Garwa ta arewacin Kamaru ko Faransa, domin kana shirin sayar da shagonka ka taho.

Lissafin kuɗi ne ke ruɗin matasanmu. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, albashi mafi ƙanƙanta a nan Faransa kuwa wajen yuro 1,400 ne bayan cire-cire, wato sama da sefa dubu 900. Wanda ya ji haka a unguwar Yelwa ta Garwa sai ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Amma hayar ɗaki ɗaya a kewayen Paris tana iya lashe rabinsa, katin jirgin ƙasa da bas wajen yuro 90 ne duk wata, ga kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Kai a gidan gado kake kwana, kuɗi kaɗan ke kai ka kasuwa a babur. A ƙarshen wata abin da ke rage mana bai kai yadda kuke zato ba.

Ta fuskar asibiti da lantarki, Faransa ta yi wa Garwa nisa. Mai takardar izinin zama yana da inshorar lafiya, a duba shi ba tare da ya sayar da akuya ba. A gida na ga 'yar'uwata tana neman kuɗin allura kafin a taɓa ɗanta, abin ya tsaya mini a rai har yau. Madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ita ce ginshiƙin wutar arewacin Kamaru. In ruwanta ya ja baya a Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a yi ta ɗauke wuta.

Inda Garwa ta fi shi ne mutane, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na je an yi rasuwa a unguwarmu, kafin azahar an yi wanka, an sallata, an kai, makwabta sun cika ƙofar gida da kwanukan abinci. A nan in ɗan'uwa ya rasu, sai mu yi karo-karo, a bi ofisoshi kwana da kwanaki kafin gawa ta tafi gida. Makwabcin da kuke haɗa bango sai ku shekara ba ka san sunansa ba. Kiran salla a waya muke jinsa. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 5, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. 'Ya'yanmu kana yi musu Hausa suna amsa maka da Faransanci, Fulatancin da muka tsinta a titi kuwa ba su san shi ba. Gaskiya ne a gida ɗawainiyar dangi ba ta ƙarewa, amma ranar da ka kwanta ciwo su ne a kanka.

Duk alherin nan na mai takardar izinin zama ne. Marar ita ba aikin halal a idon hukuma, haya ma sai a raɓe. Don haka kada ka sayar da shagon. In ka samu bizar karatu ko ta aiki, ka damƙa shi ga ɗan'uwa amintacce ka zo ka gwada. Hanyar Agadas da Libiya kuwa, don Allah ka cire ta daga ranka.