Injin huɗa ya tsaya a Mai Wurno ta Sudan: maƙeri ko mataccen inji?

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kayan gyara suka yi wuya a Sudan. Ga injin huɗar gonar lambuna, wuƙaƙensa biyu sun karye, giyar injin ta cinye.

Maƙeri zai yanko maka wuƙaƙe daga sifirin ɗin tsohuwar mota, ya lanƙwasa su a wuta. Ƙarfen na da tauri, kuɗin kaɗan, aikin wuni guda. Amma giya ba aikin guduma ba ce; haƙori ɗaya ya kauce, sai ta niƙe 'yar'uwarta. Nan gara ka nemi mataccen inji irin naka a birnin Sannar da ke kusa ka ciro tasa, ka ƙirga haƙoranta, ka shafa da yatsa kafin ka biya.

Ni dai wuƙaƙen na kai maƙera, giyar ina kan cigiya.