Windows ko Linux a faifan waje? Amsa ga ƙanenmu mai aron laftof

Ƙanena na ga tambayarka a gurup tun jiya bayan isha'i, sai yanzu na samu zama. Ka ce HP ɗin yayanka kake ara, shi kuma ya ja maka kunne kar ka taɓa mashi komai a ciki don takardun ofis ne, ga ka da faifan waje, estana dai, mai tera ɗaya da kake tara handawut da bidiyo, kana son ka ɗora mashi tsarin kwamfuta naka na kanka ka riƙa sokawa kana aiki in ka gama ka zare. Wai Windows za ka sa ko Linux. Duka biyun na yi su, bari ka ji yadda kowanne ya yi da ni.

Wajen sakawa Windows ta fi taurin kai. In ka bi hanyar da masu gyara ke bi, ka yi butin da filashi ka zaɓi estana, za ta ce maka ita ba ta zama kan abin da aka soka ta USB. Da can Microsoft na da wani tsari Windows To Go da ya zo tare da Windows 8 a 2012 don irin wannan, amma sun cire shi a 2020. Abin da ya rage mana shi ne Rufus, ƙaramar manhaja ce kyauta, ka ba ta fayil ɗin ISO, wato kwafin Windows ɗin da ake saukewa, ka zaɓi Windows To Go ta rubuta. Sai dai fa za ta share faifan tas, handawut, bidiyon biki, komai, don haka ka fara kwashe kayanka. Linux kuwa, Ubuntu ko Mint, ba ruwanta, ka sa ta a filashi mai giga 8, ka tada laftof da F9 tunda HP ce, ta nuna maka estana kamar kowane faifai ka ce nan nake so. Ko a data ma Mint bai wuce giga 3 ba, Windows 11 ta haura 5.

Amma kar sauƙin ya ruɗe ka, a nan Linux ta fi haɗari ga mai aron kaya. Akwai ɗan abin da ke tada tsarin in an kunna kwamfuta, GRUB sunanshi, to manhajar sakawar tana da halin ta bar estana ta je ta dasa shi a faifan ciki. Ni ya taɓa ci na. Na saka Ubuntu a estana da tsohuwar Dell ɗina, komai ya tafi sumul, washegari na bar faifan a gida na fita aiki wajen Ƙofar Ƙaura, ina kunnawa sai baƙin allo da ɗan rubutu a lungu yana ƙyaftawa, ga mutum tsaye a kaina yana jiran takardarshi. Sai da na danna F12 na lalubo Windows da hannu, zufa na keto mani. Ka ƙaddara wannan a laftof ɗin yaya ranar Litinin da safe. Maganinshi a cire faifan ciki kafin a fara, a gama a mayar, in ba ka iya kwancewa ka kai wa mai gyara ko ka yi aikin a wata kwamfutar da ba a jin tsoronta. Hanyar Rufus ba ta da wannan matsalar, estana kawai take rubutawa, har ma tana tambayarka ko a ɓoye faifan ciki kar sabuwar Windows ɗin ta gan shi. Ka ce eh.

Yanzu gudu, kuma wallahi nan ne maganar take. Faifanka irin mai juyawa ne, in ka kara kunne za ka ji yana ɗan gurnani. Wajen kwafe babban fayil ba laifi, yakan yi wajen mega 100 a sakan, amma tsarin kwamfuta ƙananan fayiloli dubbai yake karantawa nan da can, allurar ciki ta yi ta kai-komo. Windows da ba ta zama shiru, yau sabuntawa gobe binciken bairos, a kan irin wannan faifan za ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana juya ɗigo-ɗigo. Mint, musamman nau'inshi mara nauyi da ake kira Xfce, ya fi haƙuri sosai, zai tashi a hankali amma in ya tashi ana aiki. In kuma ka samu SSD, faifan da ba abin da ke juyawa a cikinshi, ko da mai giga 256 ka sa a 'yar kwalinta ta USB, bambancin nan kusan ɓacewa yake, duka biyun sai ka manta a waje suke. Ka dai duba ramin da kake sokawa, mai shuɗin ciki ko mai alamar SS shi ne USB 3.0, baƙin nan na 2.0 da ƙyar yake wuce mega 35 a sakan, ko SSD ka sa mashi jan ƙafa zai yi.

In kana son yawo da shi, yau laftof ɗin yaya gobe ta abokinka a makaranta, Linux ta fi, yawancin diraibobi, wato 'yan manhajojin da ke sa tsarin ya gane kayan cikin kwamfuta, a cikinta suke. Windows duk sabuwar kwamfuta sai ta tsaya neman diraiba, kuma lasisinta da injin yake ɗaure, sai ta fara rubuta maka a kusurwa wai a kunna lasisin.

Inda Windows ta kada Linux ba gardama shi ne manhajoji. In CorelDRAW ko AutoCAD malamanku ke so, ko Microsoft Office na ainihi, ba su da na Linux. LibreOffice, wato madadin Office a Linux, na buɗe fayilolin Word, amma na sha ganin firojet an shirya shi tsaf an kai bizines senta furintin sai tebur ya goce, shafi ya ƙaru. In kuwa koyon kodin ne, Python da su, ko bincike a intanet, Mint ya ishe ka har da canji. Ka tuna kuma Windows 10 an daina ba ta tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta wanda tsofaffin tokumbo da yawa ba su da shi, Mint 22 kuwa tallafinshi sai 2029.

Sai batun kebul. Windows To Go an yi ta ne in aka zare ta daskare ta jira ka sakan 60 ka mayar. Linux in kebul ya motsa tana cikin rubutu sai addu'a. Kar ka ɗora laftof a cinya faifai na reto.

Abu ɗaya da ya shafe su duka: tunda ta ofis ce wataƙila akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, a kai. Kar ka shiga BIOS, wato saitin tada kwamfuta, ka kashe tsaron nan na Secure Boot don wani a YouTube ya ce, tana iya kulle kanta ta nemi lambobi 48 da shi kanshi yayan bai san inda suke ba. F9 kawai.

Ni in ni ne, da faifan nan da ke hannunka Mint zan sa, a wata kwamfutar daban, in raba shi biyu in bar rabi a NTFS, tsarin faifai na Windows, don ta iya ganin fayilolina, tunda ba ta karanta ext4 na Linux. In kuma Corel ne dole, ka haƙura ka tara kuɗin SSD tukuna. Wane kwas kake yi ne ma, kuma RAM ɗinta nawa?