Wata shida da motar lantarki a Garwa, Kamaru

Wata shida ke nan ina jan ƙaramar motar lantarki ƙirar Sin da ƙanena ya turo mini daga Duwala, tsohuwar Corolla tawa kuma tana fake a gindin darbejiya.

Corolla na shan lita takwas a kilomita 100. Tun da litar fetur ta koma sefa 840 a 2024, kusan 6,700 ke nan. Zuwa-zuwa ma, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, ya daina rufa asiri tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Ita kuwa motar lantarkin, tafiya iri ɗaya ba ta cin wutar da ta kai sefa 2,000. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi. Makanikena har ya tambaya ko fushi nake da shi.

Amma fa a Afirilu na ji jiki. Ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, aka yi ta ɗauke wuta, kwana biyu motar na kwance kamar tunkiya mai ciwo. Ga zafin Garwa: ka kunna na'urar sanyi, batir ya riƙa zubewa kana kallo.

Cikin gari, kasuwa da makarantar yara, ta biya ni. Doguwar tafiya zuwa Ngaundere kuwa, Corolla nake tayarwa.