Littafin da yaro zai ɗauka da kansa ba tare da tsawa ba

In ka shiga shagon littattafai a Sabon Garin Kano ko Zariya don sayo wa yara abin karantawa lokacin hutu, ido zai fara kai ka ga masu hotuna da sheƙi, waɗanda aka shigo da su daga waje. Gefe ga littattafan soyayya jibge, can ƙasan kanta kuma ga tsofaffin littattafan Zariya sun sha ƙura. Shawarata ka fara durƙusawa ƙasan kantar.

Kafin ka tambayi kuɗi, buɗe tsakiyar littafin ka karanta shafi ɗaya a bayyane. In harshenka ya yi ta tuntuɓe, ko ka ji Hausar kamar an ɗinka mata rigar wani, mayar da shi. Yaro da kunne yake fara son labari, kuma ba ya lallaɓa littafi don kunya. Shafi biyu bai ji daɗi ba, ya jefar ya tafi ƙwallo.

A wannan gwaji har yau ban ga wanda ya kama ƙafar Magana Jari Ce ba. Abubakar Imam ya rubuta shi, ya fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, kuma dabarar da aka gina na farkon a kanta ita ce ainihin abin da kake nema. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son ya sulale ya bi shi, mugun Waziri na jiran ya fito, aku kuma ba shi da makami sai baki. Dole ya riƙe yaron da labari har gari ya waye, gobe ma haka. Wato marubucin ya ɗora wa kansa aikin tsayar da saurayi mai zumuɗi wuri ɗaya, aikin da kowane uba ke fama da shi. Shi ya sa labaran gajeru ne, kowanne ana iya gama shi tsakanin sallar isha da barci, kuma da ya ƙare yaro na son jin abin da zai faru da Musa. Akwai dariya, akwai wawaye da masu wayo, akwai ɓarayin da dubararsu ke juye musu. Da yawa daga cikin labaran asalinsu na Larabawa ne, ko Indiya, ko Turai, amma an sake musu dangi da gari har ba mai cewa baƙi ne. Wa'azin ma yana nan, sai dai an bar shi cikin abin da ya faru, ba a tsayar da labari a hau mumbari ba.

Na ɗaya za ka fara saya. Na biyu, inda aku ke gasar ba da labari da wani aku, ya dace da wanda ya riga ya kamu. Na uku, da aku ke koyar da ɗansa Fasih, ya fi nauyi, a bar wa 'yan sakandare. Ɗan shekara bakwai ko takwas kai za ka karanta masa, domin akwai kalmomin fada da na yaƙi da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, akwai kuma wuraren da hukunci ke da tsanani. In ya kai sha ɗaya, miƙa masa kawai ka tashi.

Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya fi gajarta, kuma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe kan sa ɗan shekara goma sha uku dariya shi kaɗai a ɗaki. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai daraja, amma labarin bauta da rabuwa da uwa ba na ƙaramin yaro ba ne. Wanda hankalinsa ke kan taurari a nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Ga ƙanana kuwa, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya wadatar, in an dace da shi.

Masu sheƙin nan na waje, kuɗi da yawa, kalma kaɗan, yaro ya gama cikin minti biyar bai ga kowa mai kama da shi ba. Littattafan soyayya akwai na kirki a ciki, amma ba a miƙa wa 'yar shekara sha huɗu sai uwa ta karanta tukuna. Labaran da ake turawa ta WhatsApp ba wanda ya tace su, ba na ma sa su a lissafi. In dai sai ta waya, gara shafin African Storybook, yana da gajerun labarai na Hausa masu hotuna, kyauta.

Inda kuɗin mutane ke salwanta shi ne jabu. Littafin da ya fi farin jini shi 'yan satar fasaha suka fi bugawa, don haka wanda nake yabo shi ne ya fi yawan kwafin banza a kasuwa. An taɓa sayar mini da na ɗaya a wani shago, bango fes, leda a nannaɗe. Muna tsakiyar labari sai lambar shafi ta yi tsalle, shafuka goma sha shida babu su, an maimaita waɗanda suka gabata a gurbinsu. Yarinyar da nake karanta wa ba ta sake neman littafin ba, mai shago kuma ya ce shi ma haka aka kawo masa. Tun daga nan ba na sayen littafin da ba a yarda in cire ledarsa ba.

Bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe, ko da mai shago zai tsuke fuska. A maɗaba'a ana naɗe takarda ne kashi-kashi, galibi shafi 16 ko 32, shi ya sa in an yi ɓata ba shafi ɗaya ke tafiya ba, kashi guda ne. Daga nan buɗe littafin sosai ka leƙa tsakiya. In ka ga zare ko waya, zai jure hannun yara. In gam ne kawai aka shafa siriri, zafin watan Afrilu zai busar da shi, shafuka su fara zubewa tun hutu bai ƙare ba. Ɗaga shafi ɗaya ga haske: takardar jabu sirara ce, rubutun baya na leƙowa ta gaba. Zanen ciki kuma, da yake hoton hoto ne, yakan dushe ko ya koma baƙi ƙirin, fuskar mutum ba a gane ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wasu ɓarayin ba hoton littafin suke ɗauka ba, sake buga shi suke a kwamfuta, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma k da d da b. Babba zai cike da kansa. Yaron da ke koyon karatu kuwa bai san an cuce shi ba, haka zai haddace, haka zai rubuta a jarrabawa. Duba layi biyar kawai, za ka gane.

Nemi sunan kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya, wanda ke buga akasarin waɗannan tsofaffin littattafai, da adireshi da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi. Amma kada ka dogara da su kaɗai, ɓarawo ma yana kwafe su. Farashi ya fi tona asiri: in shago biyu sun faɗi kuɗi kusan ɗaya, na uku ya faɗi rabi, araha ce wadda ba ta ado. Masu baza littattafai bakin titi da tashar mota ba duka ne macuta ba, sai dai gobe ba lallai ka same su wurin ba. Hatta makarantu wani lokaci ana kai musu jabu kwali-kwali su raba wa iyaye, don haka wanda yaro ya kawo daga makaranta ma a duba shi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa takan kai samame, amma ba za ta biya ka kuɗinka ba.

Tsohon kwafi na asali, ko da bangonsa ya yage, ya fi sabon jabu. Ka kai wa masu ɗinkin littafi su sa masa kwali da zare. In kuma sabo za ka saya, karɓi rasit, ku yi magana da mai shago tun a wurin cewa in an sami shafi ya ɓata za a canza maka, a rubuta hakan a bayan rasit ɗin.